Daga A-kori-kura Zuwa Jif: Abin Da Kimiyya Ta Ce Game Da Zaɓen Motar Iyali

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san a-kori-kura, wato motar nan mai ɗakin direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya. Tun daga motocin Peugeot da aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin shekarar 1975 har zuwa Toyota Hilux ta yau, ita ce jakar manomi da ɗan kasuwa da ɗan kwangila. Tana kai taki gona, ta kwaso amfani, ta ci kasuwar ƙauye, sa'an nan ranar biki ko suna a loda mata da yara a bayanta. To, amma idan iyali suka ƙaru, kuma harka ta koma cikin gari, sai ka ji maigida yana shawarar sayar da ita ya sayi jif, irin motar da Turawa ke taƙaita sunanta da SUV. Mu kuwa mun aro sunan jif ne daga Jeep, ƙaramar motar sojan Amurka da aka soma ƙerawa a 1941.

Wannan sha'awa ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa kashi 48 cikin ɗari na sababbin motocin shiga da aka sayar a duniya a shekarar 2023 jif-jif ne. Dalilin da yawancin masu saye ke bayarwa shi ne, wai babbar mota ta fi tsare rai. Shin haka abin yake? Makasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan magana da ma'aunin kimiyya, domin wanda ya bar motar ɗaukar kaya ya koma motar ɗaukar rayuka, wajibi ne tambayoyin da zai yi kafin ya biya kuɗi su canza.

Gini iri biyu, suna ɗaya

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, motocin da muke kira jif iri biyu ne, ko da yake a ido sun yi kama da juna. Iri na farko ana gina shi ne kamar yadda ake gina a-kori-kura. Akwai ƙashin baya na ƙarfe mai siffar tsani, wanda makanikai ke kira shasi, a kansa ake ɗaura injin da tayoyi, sa'an nan a kawo bodi a ɗora a ɗaure da kusoshi. Toyota Land Cruiser da Prado suna cikin wannan rukuni. Ita kuwa Toyota Fortuner, a kan shasin dangin Hilux aka gina ta, wato a-kori-kura ce da aka rufe wa baya aka jera kujeru.

Iri na biyu ba shi da shasi na daban. Bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyin komai, kamar yadda ƙwanson ƙwai ke riƙe abin da ke cikinsa. Haka ake gina ƙananan motocin shiga. Toyota RAV4, wadda ta fito a 1994, da Honda CR-V ta 1995, da Toyota Highlander ta shekarar 2000, duk irin wannan gini ne.

Kowane yana da ranarsa. Mai shasi ta fi jure wa hanyar burji da ramuka da jan tirela, amma ta fi nauyi, ta fi tsawo, ta fi shan mai. Mai bodi ɗaya ta fi sauƙi, ta fi zama daram a kan kwalta, amma idan aka matsa mata da mugunyar hanya kullum za ta gaji da wuri. Saboda haka tambayar farko ita ce: a kan wace irin hanya motar za ta yi mafi yawan rayuwarta?

Nauyi: riba da hasara

Maganar cewa babbar mota ta fi tsare na cikinta tana da ƙamshin gaskiya. Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, dokar da ke aiki ita ce ta momentom, wato nauyin abu idan aka ninka shi da gudunsa. Alal misali, a ce mota mai kilo 2,000 ta yi karo da mai kilo 1,000, kowace tana gudun kilomita 60 cikin sa'a, suka kuma manne da juna. Lissafi ya nuna za su ci gaba tare ta fuskar da babbar ta nufa, da gudun kilomita 20. Ke nan gudun babbar ya canza da kilomita 40 kawai, amma ƙaramar, wadda aka tsayar aka kuma tura baya, gudunta ya canza da kilomita 80. Wannan canji na farat ɗaya shi ke yi wa jikin ɗan Adam illa. Sai dai a lura, ribar da na cikin babbar mota suka ci, daga jikin na cikin ƙaramar aka cire ta.

Idan kuwa bishiya ko ƙafar gada mota ta daka, nauyi ba ya ceto. Makamashin motsi shi ne rabin nauyi a ninka da gudu sau gudu. Mota mai kilo 2,000 da ke gudun kilomita 100 cikin sa'a tana ɗauke da makamashi kimanin jul 772,000, kuma tilas ne wannan makamashi ya sami inda zai tafi cikin ƙiftawar ido. Injiniyan nan Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz, wanda ya sami rajistar wannan dabara a Jamus a 1952, shi ne ya nuna cewa gara a ƙera gaban mota da bayanta yadda za su lotse su shanye bugun, a bar ɗakin fasinja da ƙarfi. Don haka motar da ta fito daga haɗari gabanta a markaɗe, amma ƙofofinta suna buɗuwa, ta yi aikinta ke nan.

Kaurin ƙarfe da kwarjinin mota ba sa nuna wannan inganci. Gwaji ne kaɗai ke nuna shi. A shekarar 2018 ƙungiyar Global NCAP, mai gwada motoci ta hanyar buga su da gangan, ta gwada wata a-kori-kura ƙirar Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu a lokacin. Cikin taurari biyar na kare manyan fasinjoji ba ta sami ko ɗaya ba, domin ɗakin fasinjan ya karye. Ga ido kuwa, mota ce ƙaƙƙarfa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Tsawo da kifewa

Babban raunin jif da a-kori-kura duka shi ne tsawo. Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya ɗauka cewa dukkan nauyinsa ya tattaru. Muddin layin da ya sauko daga wannan cibiya yana faɗawa tsakanin tayoyin hagu da na dama, mota na tsaye. Da zarar ya fita waje, ta kife. Injiniyoyi suna auna wannan da lissafi mai sauƙi: a raba faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama da ninki biyu na tsawon cibiyar nauyi daga ƙasa. Iyakar girman amsar, iyakar wuyar kifewar motar. Da wannan ma'auni hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta soma ba motoci maki a 2001.

Bari mu ɗauki misali. A ce motoci biyu faɗin tayoyinsu ɗaya ne, mita 1.6. Ta farko cibiyar nauyinta na mita 0.55 daga ƙasa, amsarta 1.45. Ta biyu, jif mai kilo 2,000, cibiyarta na mita 0.70, amsarta 1.14. To, a ce za a tafi gida hutun salla, aka ɗora buhu biyu masu kilo 100 kowane a saman jif ɗin, mita 1.9 daga ƙasa. Cibiyar nauyi za ta tashi zuwa mita 0.81, amsar kuma ta faɗo zuwa 0.99. Buhunan da a-kori-kura za ta kwantar a ƙasan bodinta ba tare da wata damuwa ba, a saman jif sun zama abokan gaba. Wannan ne ya sa yawancin masana'antu ba su yarda a ɗora fiye da kilo 75 zuwa 100 a rufin mota ba.

Mafi yawan kifewa ba a tsakiyar kwalta mai kyau yake aukuwa ba. Mota kan soma zamewa ne ta gefe, sai taya ta ci karo da dakalin titi, ko rami, ko ta nutse a ƙasa mai taushi, sai ta yi tuntuɓe kamar mutumin da aka sa wa ƙafa. Hanyoyinmu da ruwa ya cinye gefensu, da dabbobin da ke tsallakawa ba zato, su ne ainihin wuraren da irin wannan ke faruwa.

Maganin da kimiyya ta samo shi ne na'urar daidaita tafiya, wadda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da ita a 1995. Na'urar tana kwatanta inda direba ya juya sitiyari da inda motar ta nufa a haƙiƙa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ta ga sun saɓa, sai ta kama burkin taya ɗaya tak, abin da babu direban da zai iya yi da ƙafarsa, ta maido da motar kan hanya kafin ta yi tuntuɓe. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna ta rage mummunar kifewar jif da fiye da rabi. An wajabta ta a kan sababbin motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014. Sunanta ya bambanta: wasu kamfanoni na rubuta ESC ko ESP, Toyota na rubuta VSC, Honda kuwa VSA. Idan aka murɗa makulli, fitilarta mai hoton mota da karkatattun layuka biyu za ta kama a allon gaban direba, sa'an nan ta mutu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Jif ɗin da ba ta da wannan na'ura ba ta cancanci zama motar iyali ba, komai arharta.

Taya ma tana da hannu a nan. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan da aka sami yawan kifewar jif ƙirar Ford Explorer sakamakon saɓulewar fatar taya ana cikin gudu, musamman a jihohi masu zafi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima, lanƙwasa na haifar da zafi, zafi kuma na raunana roba. Mu da kwaltarmu ke ɗaukar zafi a watannin Maris da Afrilu, darasin namu ne. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Kujera, bel da yara

Babbar fa'idar barin a-kori-kura ita ce kowa zai sami kujera a cikin ɗaki. Wanda ke zaune a buɗaɗɗen bodi ba shi da abin da zai riƙe shi. Idan mota ta tsaya farat ɗaya, shi zai ci gaba da tafiya da gudun da take yi, kamar yadda dokar Newton ta farko ta faɗa. Amma kujera ba tare da bel ba rabin magani ce. Karo a gudun kilomita 50 cikin sa'a daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Idan gaban motar ya lotse da rabin mita kafin ta tsaya, jikin da ke ciki zai ji ƙarfi kimanin ninki 20 na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 da ke kan cinyar mahaifiyarsa zai koma kamar kilo 200, nauyin buhun masara biyu. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe wannan, komai ƙaunarta.

Bel mai maɗauri uku da muke gani a yau, injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo a Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1959. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Ita dai hukumar, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta ɗaura bel a 2003.

Saboda haka mai saye ya ƙirga bel, kada ya ƙirga faɗin kujera. Mota mai bel bakwai ta mutum bakwai ce. Ya duba ko kujerar tsakiya tana da bel mai ratsa kafaɗa, ko kuwa na ƙugu ne kawai. Ya laluba tsakanin mazauni da majingina ya ji ko akwai ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira ISOFIX, inda ake maƙala kujerar jarirai. Kada a taɓa sa kujerar jariri mai kallon baya a gaba inda jakar iska take, domin jakar na fitowa da ƙarfin da zai iya halaka shi. Layin kujeru na uku kuma yana kusa da ƙofar baya, kuma idan aka buɗe shi wurin kaya kan ragu ƙwarai.

Akwai kuma wani bambanci da sabon mai jif kan manta. A a-kori-kura, bango ya raba kaya da mutane. A jif kuwa ɗaki ɗaya suke. Tukunyar gas ko akwatin da ba a ɗaure ba zai zama harsashi a lokacin karo, jarkar fetur kuma tururinta na cika ɗakin. Tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda dogon kaya tana jawo hayaƙin salansa ciki, wanda ke ɗauke da iskar kabon monoksaid, guba marar launi marar wari. Ga kuma iyakar lodi: Hilux na ɗaukar kusan tan ɗaya, amma yawancin jif na iyali ba sa wuce kilo 500 zuwa 700, har da nauyin mutanen ciki. Ana rubuta adadin a wata takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar. Wanda har yanzu sana'arsa na bukatar ɗaukar taki da siminti, gara ya yi tunanin a-kori-kura mai ƙofa huɗu, da ya mai da motar iyali jaka.

Waɗanda ke wajen motar

Motar iyali tana kwana ne a inda yara ke wasa. Iyakar tsawon murfin injin, iyakar faɗin wurin da direba ba ya gani a gabansa, haka kuma a baya. Yaro mai rarrafe ko mai tatata kan ɓace sarai a wannan wuri. A 2023 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano cewa motocin da gabansu ya wuce tsawon mita ɗaya sun fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da masu gajeren gaba mai gangara. Dalili shi ne, gajeriyar mota ƙafa take duka, doguwa kuwa ƙirji da kai. Kyamarar baya na taimakawa, amma ba ta kai a zagaya mota da ƙafa kafin a tayar da ita ba.

Mai da aljihu

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, shan mai ya zama babbar magana. Abu biyu ke cin man mota: nauyin da za a tayar a kuma tsayar a cikin gari, da iskar da za a keta a kan babbar hanya. Turjiyar iska na ƙaruwa da faɗin gaban mota, kuma tana bin gudu sau gudu, ta yadda wanda ya tashi daga kilomita 80 zuwa 120 ya ninka ta sau biyu da kwata. A ce mutum na tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 1,600, mai shan lita 12 kuwa 2,400. Mai karatu ya ninka bambancin lita 800 da farashin yau. Kowace lita ta fetur kuma tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, mai ɗumama duniya.

Haka nan giyar da ke juya tayoyi huɗu tana ƙara nauyi da shan mai da kuɗin gyara. Tana da amfani ƙwarai a rairayi da taɓo. Amma a sani, taimakonta wajen tashi ne. Wajen tsayawa ba ta ƙara komai, domin kowace mota tayoyi huɗu take kama wa burki.

Idan ta hannu ce

Mafi yawan jif da ke shigowa ƙasashenmu na hannu ne, waɗanda muke kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ruwaito cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Wasunsu sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su kafin a yi musu kwaskwarima. Yawancin motoci suna da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganin ta ta ƙasan gilashin gaba, kuma da ita ana iya binciken tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet. A tafi da amintaccen makanike ya shiga ƙarƙashinta ya nemi alamar walda da tsatsa, ya tabbatar jakunkunan iska suna nan ba a cire su an rufe gurbin ba. A kuma tambayi ko kayan gyaranta na samuwa a kasuwar kusa. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida.

Gwaji domin aji

Malamai na iya nuna darasin kifewa da kayan da ke hannu. A sami kwalin sabulu, a manna dutse a ƙasansa daga ciki, a ɗora shi a kan allo, a kafa siririn katako a gefensa don kada ya zame. A riƙa ɗaga gefe ɗaya na allon a hankali har kwalin ya kife, a auna kusurwar. Sa'an nan a mai da dutsen saman kwalin a sake. Ɗalibai za su ga kusurwar ta ragu, alhali nauyin bai canza ba. Waɗanda suka yi nisa a lissafi su nuna cewa tanjan na wannan kusurwa daidai yake da amsar da muka lissafa a baya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa girman mota yana ba da kariya ta fuska ɗaya, yana kuma karɓe ta ta wasu fuskokin. Wanda zai canza a-kori-kura da jif ya nemi mafi ƙanƙanta kuma mafi gajarta da za ta ɗauki iyalinsa, kowa da bel ɗinsa, ta kuma iya hanyar da yake bi. Ya tabbatar tana da na'urar daidaita tafiya, ya nemi sakamakon gwajin karonta, ya duba shekarun tayoyinta, ya kuma daina kallon rufinta a matsayin bodin ɗaukar kaya. Bayan duk wannan, sauran aikin yana ƙafar direba, domin wanda ya ninka gudunsa sau biyu ya ninka makamashin da zai yi karo da shi sau huɗu, kuma har yau ba a ƙera motar da ta fi ƙarfin wannan doka ba. Allah Ya kiyaye hanya.